Faifan Kawu da jinkirin kwamfutata

Kwamfutar da ke ɗakina ni na haɗa ta da hannuna, kuma ba na jin nauyin faɗar haka a gaban kowa. Darasin kwamfuta nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Karaye. Shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai kayan cikinta a allo, ina cewa wannan shi ne kaza, wancan aikinsa kaza, har raina ya ba ni cewa lokaci ya yi da zan taɓa abubuwan nan da yatsuna. Sai na shiga sayensu ɗaya bayan ɗaya duk sanda hanya ta kai ni Kano. Na fara da bod, wato babban farantin da komai yake hawa kansa. Daga baya na sayo farosesa, wato ƙwaƙwalwarta, da ram guda biyu masu riƙe mata aikin da take cikin yi, da sabon faifan ajiya irin wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Akwatin kuwa na hannu ne, har da tabon sitika a gefensa.

A hutun ƙarshen zango na shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki na baje su. Maigidana malamin gona ne, bai taɓa leƙa cikin kwamfuta ba, amma shi ya riƙe min tocila ina ɗaure kusoshi.

"Malama," in ji shi, "in abin nan ya kama da wuta, ki shaida ni ɗan kallo ne."

Bai kama da wuta ba. Na danna maɓalli, fanka ta juya, allo ya yi haske. Bayan na zuba mata manhaja sai ya zama kafin in gyara zama a kujera ta gama tashi tana jirana. Na yi kwanaki ina kashewa ina kunnawa don jin daɗi kawai.

Akwai abu ɗaya a cikin akwatin da ba saya na yi ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai ɗaukar hoto ne a Rogo. Yana da ɗan shago kusa da kasuwa, inda ya daɗe yana ɗaukar fasfo da hotunan sallah da na suna. Da wayoyi suka cika gari sana'ar ta ja baya, kwamfutarsa ma ta lalace, sai ya mai da shagon wurin sayar da iri da maganin feshi. Da ya ji ina haɗa tawa, ya zo har gida da wani abu a naɗe cikin tsohuwar hula. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa min.

"Uwata, ga wannan. Mai gyara ya ce kwamfutar ta mutu amma shi da ransa. Duk aikina yana ciki. Ki ajiye min a wurinki, ke kika san kansa."

Tsohon faifan ajiya ne, mai nauyi, irin wanda ake jin gurnaninsa in yana juyawa. Na ɗaura shi a ƙasan nawa, na jona masa waya, ya buɗe lafiya lau. Na ga hotuna tuli, na rufe, na ci gaba da harkokina. Wata da watanni bai ba ni wata matsala ba.

Da faɗuwar damina ne jinkirin ya fara. In na danna maɓalli fanka za ta juya, ƙaramar fitilar gaba ta kama, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Da farko ɗan jim ne, har ban kula ba. Sannu a hankali ya zama sai in kunna, in je in ɗora ruwan shayi, in dawo in same ta yadda na bar ta. Can sai ta yi ƙara sau ɗaya, tambarin bod ya fito, ta tashi garau kamar ba ita ba. In dai ta tashi, babu abin da za ka ce mata. Tana buɗe komai da sauri, ba ta tsayawa, ba ta zafi.

Abin ya dame ni, don a kanta nake shirya tambayoyin jarrabawa da safe kafin in fita, kuma safiyar mai 'ya'ya ba ta da sararin zama a gaban baƙin allo. Da na ba da labari a ofishin malamai, wani abokin aikina ya ce ai bairos ne, cutar nan mai shiga manhaja, in goge komai in sake zubawa. Maigida kuma ya ce in bari ranar da zai shiga Kano ya kai ta wurin masu gyara.

Na ce wa abokin aikina ba bairos ba ne, kuma na faɗa masa dalili. Jinkirin yana faruwa ne tun kafin tambarin bod ya fito, lokacin da manhaja ba ta ko farka ba. A wannan ɗan tsakanin bod ne yake bin kayan da aka jona masa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowanne ko yana nan, kamar yadda nake kiran suna a aji. In an daɗe a nan, to akwai wanda aka kira bai amsa da wuri ba. Aikina shi ne in gano ko wane ne. Maigida kuwa na ce masa abin da na haɗa da hannuna ba za a ɗora shi a bayan mota a kai shi Kano ba sai na gama nawa.

Na fara da abin da ke waje. Na cire firinta, na cire lasifika, na cire ɗan filashin da ke maƙale a baya, na bar allo da madannai kawai. Na kunna, jinkiri na nan. Na ari madannan maƙwabciyata na gwada, ko nawa ne yake da wata cuta. Babu bambanci.

Sai na koma kan wuta. A gidanmu sola muke amfani da ita in babu wutar gari, kuma da damina batiran ba sa cika sosai saboda hadari. Na yi zaton ko ƙarfin ne bai isa ba a tashin farko. Na jira ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi na gwada, na sake gwadawa da janareta ranar da maigida ya tayar don guga. Duk ɗaya. Na cire wuta daga zargi.

Daga nan na buɗe akwati. Na zare ram ɗin guda biyu, na goge bakinsu da abin goge fensir, na mayar da ɗaya na kunna, na sauya da ɗayan na sake kunnawa. Kowane gwaji sai na zauna na jira jinkirin ya cika, don haka aikin yamma ɗaya ya zama na mako. Ban gaji ba. Ni irin aikin nan yana yi min daɗi, domin duk abin da na cire daga zargi na san na matsa gaba. Ƙa'idata ɗaya ce, kuma ita nake koya wa ɗalibai: kada a taɓa abu biyu lokaci guda. In ka sauya biyu matsala ta tafi, ba ka san wanne ne ya kore ta ba.

A cikin haka na lura agogon kwamfutar yana ɓata lokaci in ta kwana ba wuta. Akwai wani ɗan batiri a jikin bod, faffaɗa kamar kwabo, shi yake riƙe lokaci da saiti. Na ce to ga ɓarawon. Na aiki maigida wurin mai gyaran agogo a kasuwa ya samo min irinsa. Na sa, na gyara saiti, na kunna ina murmushi tun kafin in ga sakamako. Agogo ya daidaita. Allo kuma ya tsaya baƙi kamar kullum.

"Ɓarawon ya tsere?" in ji maigida daga bakin ƙofa.

"An kama ƙaninsa," na ce. "Shi ma yana hanya."

Abin da ya rage shi ne faifan ajiya guda biyu da bod ɗin kansa. Na bar faifan a ƙarshe ne saboda duk biyun suna buɗewa in kwamfuta ta tashi, kuma abin da yake aiki ba shi ake fara tuhuma ba.

Wata Asabar da la'asar aka yi ruwa ya ɗauke. Yara sun tafi islamiyya, maigida yana gona, fankar sama a kashe saboda gari ya yi sanyi. Gidan ya yi tsit irin wanda ba kasafai nake samu ba. Akwatin na buɗe a kan tebur, na danna maɓalli na zauna. A nan ne na ji wani sauti da hayaniyar gida ta daɗe tana ɓoye min. Wani abu ya fara juyawa, ya yi ƙas, ya tsaya. Ya sake farawa, ya yi ƙas, ya tsaya. Na kai kunnena kusa, na ɗora yatsa a kan faifan Kawu. Ina jin sa a fatar yatsana yana yunƙurin tashi yana komawa. Ya yi ta yi har a ƙarshe ya kama juyawa sosai, kuma a daidai wannan lokacin tambarin bod ya fito a allo.

Na kashe, na zare wayoyinsa biyu, na sake kunnawa. Ban gama janye hannuna ba ta tashi.

Na yi hamdala, har na ɗan taka rawa ni kaɗai a ɗaki. Amma ban kai ga rufe akwatin ba murnar ta ragu. Faifan da yake wannan ƙara ba gyaruwa yake yi ba, mutuwa yake shirin yi, kuma kowane kunnawa yana rage masa kwana. Ni matsalata ta ƙare da zare waya. Ta Kawu ce ta fara, shi kuma bai ma sani ba.

Ban kira shi a waya ba, don ba maganar waya ba ce. Washegari na shiga motar Rogo. Hanya duk gyaɗa da dawa sun yi kore shar, motar tana tsayawa ana sauke mutane da buhunan taki. Na same shi a shago yana auna wa wani iri. Muka gaisa, ya tambayi maigida da yara da mahaifiyata, na tambayi iyali da kasuwa da ruwa. Ya sa aka kawo min fura. Sai da na sha sannan na faɗa masa.

Ya juya yana kallon bangon da a da yake rataye labulen hoto.

"Uwata, kina nufin sun tafi?"

"Ba su tafi ba, Kawu. Amma suna bakin ƙofa. In mun yi sauri zan kwashe abin da zai kwasu. Sai dai ban san yadda zai jure ba, don haka ina so ka zo ka zauna kusa da ni ka nuna min abin da za a fara ɗauka."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce akwai wata magana da ya daɗe yana son yi min, yana ganin kamar zai ɗora min wahala. Wata baiwar Allah daga Gwangwan ta zo wurinsa har sau biyu. Mijinta ya rasu tun ɗansu yana goye, yanzu yaron ya yi wayo yana tambayar kamannin ubansa, kuma babu hoton mutumin ko ɗaya a gidan. Ta tuna ya taɓa zuwa Rogo ya ɗauki fasfo a wurin Kawu lokacin da ƙungiyarsu ta manoma take yin katin shaida. Kawu ya ce mata zai duba.

"To da shi za mu fara," na ce.

Ya zo Karaye ranar da ba kasuwa, da hantsi, cikin babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Kafin ya iso na share wuri a nawa faifan, na ajiye ƙaramar fanka ta tebur tana hura cikin akwatin, don zafi yana ƙara wa irin wannan faifai ciwo. Na gaya masa sau ɗaya za mu kunna, ba za mu kashe ba sai mun gama ko shi ya gama. Na jona wayoyin na danna maɓalli. Muka zauna muna sauraren ƙas, ƙas. Kawu yana ta salati ƙasa-ƙasa. Ya daɗe fiye da kullum, sannan ya kama.

Matsalar da ban zata ba ita ce Kawu bai taɓa sa wa hoto suna ba. Lambobin da kyamara ta ba su ne kawai, jaka bayan jaka. Na tambaye shi ko ya tuna shekarar. Ya ce shekara kam ba zai ce ba, amma ya san bayan an cire gyaɗa ne, kuma a lokacin bai daɗe da sauya labulen baya ba. Da fari ne, sai wani ya zubar masa da shayi, ya sayo shuɗi.

Wannan ya ishe ni. Na riƙa buɗe hoto ɗaya tak a kowace jaka, in duba launin labule in wuce, don kada in wahalar da faifan. Fari, fari, fari, sai ga shuɗi, sabo fil, har da alamar ninki a jikinsa. Na ja wannan jakar da na kusa da ita na fara kwashewa.

Aikin ya tafi da tsayawa. Wani lokaci sai ya yi gudu, wani lokaci ya maƙale a kan hoto ɗaya, faifan ya yi ta ƙara. In ya maƙale ba na gardama da shi, sai in ce ya tsallake. Kawu yana ganin fuskoki suna wucewa yana ba ni labarinsu. Wannan tela ne, ya koma Zariya. Wannan ta zo da tagwaye, ɗaya ya ƙi zama sai da aka ba shi ƙuli-ƙuli. Wannan dattijon sai da aka sake masa sau da yawa don duk sanda aka ce ya tsaya sai ya rufe ido. Na kawo mana abinci ya ci a gaban allo, abin da bai taɓa yi a gidana ba.

Muka iso kan fasfo na manoman. Suna jere, mutum bayan mutum, kowa da hularsa a gaban shuɗin labule. Kawu ya matso da kujera. Ya san su duka. Amma a tsakiyar jerin akwai guda uku da suka ƙi buɗewa, toka-toka kawai suke nunawa. Muka bi sauran har ƙarshe, mutumin ba ya ciki.

"Yana cikin ukun nan," in ji Kawu. Muryarsa ta yi ƙasa.

Na sake gwada su sau ɗaya, faifan ya yi wata ƙara da ban so ba, na bari. Na san iyakar abin da zan iya, kuma na san in na nace zan rasa har waɗanda ba a kwashe ba. Na gaya masa haka kai tsaye. Ya ce ba komai, Allah bai nufa ba. Na ci gaba da kwashe ragowar jakar.

A ƙarshenta akwai wani hoto da ba fasfo ba ne. Manoman ne duka a ƙofar shago, wasu a tsaye wasu a tsugune, rana na dukan fuskokinsu. Kawu ya buga cinya.

"Af! Ai shugabansu ya ce in haɗa su gaba ɗaya kafin su watse. Wallahi na manta."

Ya kai yatsa gefen hagu. Wani dogon mutum ne siriri a tsaye a ƙarshen layi, hannunsa ɗaya a kafaɗar na kusa da shi, yana dariya kamar an faɗi wani abu a daidai lokacin. Na yanko shi daga cikin taron, na ƙara masa girma daidai yadda fuskar ba za ta watse ba. Kawu ya ce kada in cire hannun da ke kafaɗar, a bar shi yadda yake. Na bari.

Muka ci gaba har magariba ta gabato. Mafi yawan hotunan sun kwasu. Wasu jakunkuna na farko-farko, na zamanin farin labule, sun tafi, ciki har da na wani bikin sauka da Kawu ya so ƙwarai. Da aka kira salla na kashe kwamfutar. Bayan kwana biyu na sake jona faifan don in gwada ragowar, ya yi ƙas ɗinsa ya yi shiru, bai ƙara juyawa ba. Na cire shi daga akwatin gaba ɗaya. Hotunan kuwa na ajiye su wuri biyu, ɗaya a wurina, ɗaya a wani faifan da na saya wa Kawu, na kuma ce masa duk abin da yake wuri ɗaya tak bai ajiyu ba tukuna.

A makaranta na mai da abin darasi. Na kai mataccen faifan aji, muka kwance shi, ɗalibai suka ga farantin ciki yana sheƙi kamar madubi, da ɗan hannun da ke karanta shi. Na ba su labarin baƙin allo ban faɗa musu ƙarshensa ba, na ce kowace ta faɗi abin da za ta fara cirewa da dalilinta. Aji ya kaure da gardama, har aka buga ƙararrawa ba su so tashi ba.

Kawu ya wanke hoton a takarda mai kyau ya sa a firam. Da matar ta zo kasuwa ya ba ta. Shi ya kira ni da yamma ya ba ni labari. Ya ce ta karɓa da hannu biyu ta daɗe tana kallo, har ya fara tunanin ko ya nuna mutumin da ba shi ba. Can sai ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce shi ne, amma hular nan ba tasa ba ce, ta wansa ce ya ara don zai shiga gari. Ta naɗe firam ɗin a cikin mayafinta, ta yi wa Kawu addu'a, ta ce ya isar min da gaisuwa, ta tafi neman babur ɗin Gwangwan tun rana ba ta yi sanyi ba.